Injiniyan Rediyon Surukina

Zamanin tsuke bakin aljihu, surukina na garin Danchadi ya murɗa rediyonsa, sai ƙara ta tashi kamar ana goga garma a dutse. Ni da ilimina bai wuce canza batir ba, na gyara hula na ce, "Baba, wanga ciwo na san shi." Na kwance rediyon kaf bisa tabarma, ina yi wa jama'a bayani.

Wani malamin firamare ya kunna nasa, ga ƙarar nan dai. Ya ce, "Ai kiɗin jitar Turawa na, shi ka tashe bana."

Rediyon Baba bai ƙara magana ba. Har yau in jaki ya yi kuka, sai surukina ya ce, "Injiniya, duba muna shi."