Jaririn da Aka Haifa Sau Tara

Tasi'u gwani ne a rubuta manhajar kwamfuta, sai dai gaggawarsa ta fi gwanintar yawa. Wata likita mai ɗan asibitin haihuwa ta ba shi aikin gwaji: ya tsara mata rumbun bayanan jarirai, in ya yi kyau ta ɗauke shi dindindin. Don ya burge ta, sai ya ƙara da cewa duk jaririn da aka yi wa rajista, a tura wa ubansa saƙon barka ta waya. Umarnin kuwa ya cusa shi a gurbin da manhajar ke fara harhaɗa fayil ɗin jariri, don nan ya fi kusa da hannu. Abin da gogan bai tsaya ya karanta ba shi ne, manhajar kan bi ta gurbin nan duk lokacin da aka buɗe fayil, sabo ne ko tsoho.

Malam Ilu direban tirela, wanda matarsa ta haihu a asibitin, yana kan hanya saƙon farko ya same shi, ya yi hamdala. Da na biyu ya shigo ya ce tagwaye ne. Na uku a bakin kasuwar dabbobi ya riske shi, wayar gida ba ta shiga, sai ya sayi raguna uku ya ɗora a mota. Daga na huɗu ya daina murna ya koma salati.

Ranar da likita za ta yanke shawara kan aikin Tasi'u, ranar Malam Ilu ya faɗo ofis da saƙon barka tara a waya da jariri ɗaya a gida. Tasi'u ya shiga bayani yana gumi, wai laifin ba na kowa ba ne, nas ce ta buɗe fayil sau tara, ita kuwa na'ura duk buɗewa haihuwa take ɗauka.

Likita ta tambaye shi wa ya koya wa na'urar haka. Sai ya koma roƙo.

"Ranki ya daɗe, a ba ni kwana biyu kacal. Zan sake fara komai daga farko."

Malam Ilu ya gyara hula ya ce, "Likita, don Allah kada ki bari. Duk sanda yaron nan ya fara abu daga farko, a gidana ake haihuwa."