Unagin Mai Lamba Sifili

"A'a, ku ba shi hanya, mai kofi ya iso! Ina kwana, ranka ya daɗe? Ya gajiyar wasa?"

"Lafiya lau, tsohuwa. Na ga idonki ya faɗa, kukan murna kika yi ko na asara?"

Da haka Kaka Tsuyako ta tari jikanta Genta da safiyar Juma'ar nan, ni kuwa ina tsallaken layi ina jera ganyen shayina, kunnena kaf yana wajensu. Shekara ashirin da shida muna kallon juna a kasuwar unguwarmu ta Osaka, tana gasa kifin unagi tana ɗorawa kan shinkafa, hayaƙinta yana shigar min kaya, amma ban taɓa jin daɗin maƙwabtakar ba irin ranar. Jiya-jiya ƙungiyarmu ta besbol, wasan buga ƙwallo da sanda, mai suna Kaguwa, ta ci kofin ƙasa. Kaguwa fa! Waɗanda muka saba gani a gindin teburi kowace shekara.

To ga inda gizo ke saƙar. A saman shagon akwai allon da marigayi mijinta Kihachi ya rubuta shekara talatin da huɗu da suka wuce, cewa duk shekarar da Kaguwa ta ci kofi, ranar Lahadin da ta biyo za a sayar da kwanon unagi a kan kuɗi daidai da lambar rigar gwarzon wasa. Kwanon da take sayarwa yen dubu biyu da ɗari takwas. Gwarzon bana kuwa wani ɗan tsurut ne, Norimatsu, lambar rigarsa sifili. Kyauta ke nan, daga buɗewa har rufewa. Shi ya sa tun asuba ta aiki Genta, wanda ke aiki a ofishin sayar da tikiti na ƙungiyar, ya je wajen Yasuoka dillalin kifi.

"Ka faɗa wa Yasuoka kilo ɗari?" ta ce tana hura gawayi.

"Na faɗa masa kilo ashirin."

"Kunnen ne ya toshe, ko lissafin ne ya gagare ka? Yo ba mamaki, a ofishin Kaguwa kake aiki, can ai ba a saba ƙirga abu mai yawa ba."

"Kaka, mu ne fa zakarun ƙasa."

"Ku wa? Kai me ka buga? Na kalli wasan tun farko har ƙarshe, ban ga mai ƙaton ciki yana danna kwamfuta a fili ba."

"Ba don tikitin da nake sayarwa ba, da me za a biya 'yan wasa? Ni nake ciyar da ƙungiyar nan."

"Kai da har yau ni nake ciyar da kai! Ran Talata wa ya cinye kwano biyu ya ce ya manta walat a jirgi?"

"Wannan ɗanɗanawa na yi, don kada ki kashe mutanen unguwa da gishiri. Hannunki ya fara rawa."

"Hannun nan ne ya wanke maka kashi, kuma har yanzu zai iya ɗauke ka da mari."

Na ƙyalƙyale da dariya har gwangwanin shayi ya suɓuce min. Tsuyako ta harare ni ta ce in kula da kasuwata, na ce mata yau kasuwata ita ce.

Genta ya jawo kujera ya zauna. "Ni dai laifin Kaka Kihachi nake gani. Mutum da hankalinsa ya rubuta wannan abu?"

"Hankali gare shi fiye da kai sau goma. Lokacin tsohon mai ƙungiya yana da rai, wa ya taɓa tsoron kofi? Mutumin da in yaro ya iya bugu, kafin baɗi ya sayar da shi. In mai jifa ya yi suna, ya sayar. Fitilar fili ta mutu, ya ce ai wata ya fito. Giya kuwa kowace shekara sai ya ƙara mata kuɗi, mu sha ruwan hawaye, shi ya kwashi riba ya sayi sabon jirgin ruwa. Mutumin kirki, na rantse, shekara talatin ina barci da minshari saboda rowarsa."

"Yau kuma shi ne mutumin kirki? Ba ke kike zaginsa a rediyo ba?"

"Ina zaginsa ina masa fatan tsawon rai. Sai ga 'yarsa ta gaje shi ta buɗe bakin jaka kamar wadda aka yi wa asiri. Nawa ma ta zuba wa dogon Ba'amurken nan?"

"Miliyan ɗari bakwai a shekara."

"Miliyan ɗari bakwai! Ni da na ji an ba shi lamba casa'in da tara har na ɗan ji sanyi, na ce to, in ma abin ya zo, na samu kuɗin gawayi. Ina yake jiya?"

"Gwiwar hannunsa ce ta..."

"Yana benci yana cin cingam! Miliyan ɗari bakwai na taunar cingam. Shi kuma ɗan sifilin nan nawa kuke ba shi?"

Genta ya sosa ƙeya. "Miliyan shida."

"Kun ji ko! Shi ya fi kowa arha a ƙungiya, shi ya tashi ya aika ƙwallo bayan katanga. Duk lambobin duniya, wa ya ba shi sifili? Kai ne ko?"

"Shi ya zaɓa. Ya ce daga ƙasa ya fara."

"Ga shi ni zai mayar ƙasa."

"Ai rigarsa tun jiya ta ƙare a shagonmu, Kaka. Dubu tara muka sayar kafin a rufe ƙofa. Bana ribar da za mu ci sai an kawo mota."

"Madalla. To ku masu biliyoyi, wane rangwame kuka yi wa mutane na murna?"

"Kashi goma cikin ɗari a kan hula da tawul."

"Tawul!" Ta daki cinya. "Jama'a ku zo ku ji! Sun ci kofi sun rage kuɗin tawul, tsohuwa mai shekara saba'in da tara za ta ciyar da Osaka kyauta. Kai kuma me suka ba ka, uban masu ciyar da ƙungiya?"

Nan Genta ya gyara zama, ya zaro 'yar jar ambulan ɗin nan da ake raba wa ma'aikata idan fili ya cika maƙil, ya miƙa mata da hannu biyu har da rusunawa. Ta karɓa da hannu biyu ita ma, ta girgiza a kunne, ta zazzage a tafin hannu. Kwabon yen ɗari biyar ne ƙwaya ɗaya.

"Wayyo arziki! Riƙe ni kada in faɗi. A kira banki su turo 'yan sanda."

"Al'ada ce, ke ma kin sani. Na gasken sai Disamba."

"Kafin Disamba ai na zama tarihi."

Sai na ga yaron ya daina dariya. Ya rage murya, amma layinmu ƙunci gare shi, na ji komai.

"Kaka, ki saurare ni. Hoton allon nan ya zagaye gari, a ofis ma ana ta nuna min. Mutum dubu za su zo, ko fiye. Kilo ɗari, ga shinkafa, ga gawayi, in kika yi wannan shagon nan ba zai kai sabuwar shekara ba. Mu ce mutum hamsin na farko. Ko in hau in sauke allon, mu ce tsufa ya yi ya faɗo."

"Ka taɓa allon nan sai na gasa ka da kai da unagin."

"To ki karɓi kuɗin da nake tarawa na bikin aurena. Dubu ɗari huɗu ne. Na yi magana da Chinami, ta ce a ɗaga zuwa baɗi."

Tsuyako ta tsaya da fifita. Na san ta, abin ya taɓa ta sosai, don sai da ta juya baya tana gyara sandunan gashi da ba su karkace ba. 

"Ka ɗaga biki?" ta ce da ta juyo. "Da ƙyar aka samu yarinya mai ciwon ido ta ce tana son ka, ka ba ta shekara guda ta je ta sayi tabarau? Ban yarda ba. Tashi ka ɗage min katakon nan na ƙarƙashin kanta."

"Me kika binne, haƙoranki na da?"

"Ɗage dai, sarkin surutu."

Ya durƙusa ya ɗage. Tulu ne na miyar gashi, irin na da, an ɗaure bakinsa da tsumma. Ya kama zai ɗaga da hannu ɗaya, tulu ya ce bai san zancen ba. Sai da ya sa hannu biyu yana nishi. Ni kuwa tuni na bar shagona a buɗe na tsallako. Da ya kwance tsumman, sai ga kwabban ɗari biyar-biyar cike har wuya, na ƙasa sun yi baƙi.

"Kaka... banki kika fasa?"

"Ƙungiyarku na fasa. Ranar da kakanka ya rataya allon ya ajiye tulun nan. Duk wasan da Kaguwa ta sha kashi, ya kashe rediyo, ya yi zagi, ya jefa ɗaya. Ya ce mutanen nan sai sun biya kuɗin bikinsu da kansu. Shekara ashirin da biyu yana jefawa. Da ya tafi na ci gaba, har zagin ban rage ba."

"Sau nawa ke nan?"

"Kai ne ɗan ofis. Suna shan kashi sau tamanin a shekara, wata shekarar casa'in in sun yi ƙoƙari."

Ya motsa baki yana lissafi, idonsa ya cika da ƙwalla. "Ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku."

"Ka gani? Da ƙungiyar kirki ya bi, da yanzu na shiga uku. A asibiti ma, ranar da zai cika, ba ni ya tambaya ba, cewa ya yi an ci mu? Na ce an ci mu, bakwai da ɗaya. Ya ce to kar ki manta da tulu."

Ta faɗi haka tana dariya, hawaye na bin kumatunta, mu ma muka taya ta duka biyun.

Genta ya share fuska da hannun riga. "Shi ke nan, na sallama. Kin ci, tsohuwa. Bari in koma wajen Yasuoka."

"Kilo ɗari da ashirin. Kuma ran Lahadi ka zo da ƙaton cikin nan ka yi fifita, ka kawo min makauniyar taka ta zuba shinkafa. Ke kuma mai shayi, tunda kin ji sirri, shayin mutum dubu a wuyanki."

Na ce na ji na ɗauka, ai ni na kai kaina.

Ta zare unagi mafi kitse daga wuta ta raba biyu. Rabi ta ɗora a ƙaramin kwano ta kai gaban hoton Kihachi da ke kan shiryayye, da hularsa ta Kaguwa wadda ta koɗe. Rabin ta tura wa Genta.

"Nawa zan biya?" ya ce.

"Yau Juma'a ce, dubu biyu da ɗari takwas. Amma na karɓi wannan."

Ta ɗauki kwabon jar ambulan, ta juye tulun a babbar roba, sannan ta jefa shi ciki shi kaɗai, muka ji ƙararsa a gindin tulu.

"Haba Kaka, ai ba a ci mu ba!"

"Na wasan farko na baɗi ne. Kaguwa ce fa, yaro. Ni da kakanka mun san halin kayanmu."