Sarkin Almakashi Ya Lashe Digirin Maman Precious

Jama'a, ku taya ni murna: jiya na zama masanin kimiyya. Ni Jinaidu na Runjin Sambo, wanda ko kanwa da alif ba ya rarrabewa sai ya lasa, an sa mini farar riga har gwiwa, an tsayar da ni sahun gaba, an ɗauke ni hoto. Kafin azahar kuma aka karɓe rigar.

Ga yadda abin ya faru. Maƙwabciyata Hannatu, matar Habila mai walda, wadda duk layinmu ke kira Maman Precious, malamar sakandare ce da ta ɗauki hutun ƙaro karatu. Tana aikin digirinta na biyu a wata cibiyar binciken sinadarai da ke bayan gari, ba zan kama suna ba, ina da iyali. Aikinta shi ne ta tato wani ruwa mai tsami daga bagaruwa, wadda majemanmu ke jima da ita, ta haɗa shi da wani ƙarfe, ta dafa, ta tace, ta sake tacewa, har ya fitar da 'yan ƙwayoyi farare masu ƙyalli. Tana fatan wata rana ya zama maganin gyambo. Tun bara take fama. Wuta ta ɗauke, tukunya ta lalace. Ruwan famfo ya ƙafe, ta sayi na leda. Abin da ta samu a ƙarshe ko cokalin shayi bai cika ba, yana cikin 'yar kwalba kamar ta turare.

To, ashe a wannan sana'a haɗa abu ba ya isa. Sai ka kai shi gaban wata na'ura ta haska shi, ta zana yadda 'ya'yan cikinsa suka jeru, sannan malamai su yarda sabon abu ka yi, ba garin alli ba. Babu wannan zane, babu digiri. Hutun nata kuma ƙarshen watan nan zai ƙare.

Sai ga albishir: manya sun sayo na'urar, za a ƙaddamar, kuma da samfurinta za a fara gwaji. Habila ya kwana biyu a layin mai bai samu ba, don haka ni na goya ta a babur, ta rungume kwalbar kamar jinjiri.

"Baban Jamilatu, don Allah bi ramukan nan a hankali," in ji ta.

Na ce, "Maman Precious, ai ramukan ne ke bi na."

Muna isa wani mai kwat ya cafke hannuna. Wai masu bincike sun yi kaɗan a hoto, yawancinsu sun bar aiki sun koma kiwon kaji. Da ni da wani mai sayar da rake da direbobi biyu aka raba wa fararen riguna. An ce in an tambaye mu kome mu gyaɗa kai mu ce ana kan bincike. Na ce wannan ai ba wuya, amsar da ake ba mu ke nan tun ina yaro.

Na'urar kam, tubarkalla! Tana nan tsakiyar ɗaki da ledarta, an ɗaura mata ƙyalle kore. An yi hayar janareta, ya ɗauki lasifika, ya ɗauki na'urar sanyaya ɗaki, amma ita uwar gayyar ba a jona ta ba, wai bakin filoginta bai dace da ramin bangonmu ba, kuma wanda ya iya kunna ta ya koma ƙasarsu. Da yake nan kaɗai ne ɗaki mai sanyi, nan aka jera tiren balangu, kan teburin gwaji, gefen kwalaben da aka zana wa ƙoƙon kan mutum.

Can rana ta take sai jiniya. Mai Girma Sarkin Almakashi, Garkuwan Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya shigo da jama'arsa, babbar riga na share ƙasa. Bawan Allah ne mai ƙoƙari. Rijiyar unguwarmu shi ya ƙaddamar, yanzu kaji ke ƙwai a ciki. Ya yanke ƙyalle, muka tafa. Ya yi jawabi cewa daga yau Turawa za su riƙa zuwa Sakkwato koyon kimiyya, muka sake tafawa, mai rake har da kabbara.

Shugaban cibiya ya riga ya ja kunnen kowa: ban da Turanci, a yi wa Mai Girma bayani da Hausa don talakawa su amfana. Nan fa gizo ke saƙar. Su masu wannan ilmi, duk abin da aka samu daga haɗa ruwa mai tsami da ƙarfe, gishiri suke ce masa, ko da guba ce mai kashe giwa. Kalmar sinadari kuma, kun san inda kunnen Bahaushe ke kai ta: tukunyar miya.

Mai Girma ya ɗauki kwalbar da Hannatu ta ajiye kan teburin, ya ɗaga ta sama. "Ɗiyata, mi ne ne wanga?"

Hannatu ta rusuna. "Ranka ya daɗe, sabon sinadari ne. Wani nau'in gishiri ne da na haɗa."

"Gishiri? Namu na gida? Madalla!"

Wallahi kafin ta buɗe baki ya zazzaga a tafin hannu ya lasa. Sauran kuma ya barbaɗe kan balangu, har yana bubbuga gindin kwalbar kada a yi asara.

"Ranka ya daɗe, ba na ci ba ne!" Muryarta ta fita kamar an taka mata ƙafa.

Wani dogari mai baƙin tabarau ya ce, "Ke, yi mana shiru. Ke za ki gaya wa Mai Girma abin da ake ci?"

Gaskiyarsa. A ƙasar nan wa ya kai su sanin abin ci? Kuma tunda babba ya ci, dole 'yan rakiya su ci. Suka yi wa tiren rubdugu. Wani ya ce ya fi na kanti. Wani ya ce tun lomar farko ciwon bayansa ya tafi. Mu masana na haya ko tsoka ba ta iso gare mu ba, kun ga ko guba ake rabo talaka sai ya bi layi.

Mai Girma ya suɗe yatsa ya yanke hukunci: "Gishiri ya ji, sai dai da ɗan bauri. A ƙara yaji."

Shugaban cibiya ya matso kusa da Hannatu yana washe baki. Wai ta gode wa Allah, samfurin wasu na'ura ce kawai ke dubawa, nata kuwa harshen Mai Girma da kansa ya tantance. Ta tambaye shi ko malaman jarrabawa za su karɓi "da ɗan bauri" a matsayin sakamako. Ya ce za a kafa kwamiti.

Ni dai raina ya ɓaci, ba na ɓoye muku. Na ga matar nan tana wanke kwalaben gwaji da ruwan da ta saya da albashinta, na ga Habila na kai yara makaranta da kayan walda a jikinsa don ta samu ta yi sammako. A hanyar komawa, da muka kai mahauta na ji bayan rigata ya jiƙe da hawayenta. Abin da ya fara fitowa daga bakinta kuma shi ne, "Allah ya sa kada ya yi musu illa. Ban gwada shi ko a kan ɓera ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Cikin da ya narkar da kuɗin titi da na asibiti, cokalin bagaruwa ba zai gagare shi ba.

Da yamma aka yi shela cewa cibiya ta ƙirƙiro sinadarin miya da zai hana mu shigo da na waje. Dodo mai balangu, wanda ya gasa naman taron, har ya zo ƙofar gidansu yana neman a ba shi sari, wai tun da yake sana'a ba a taɓa suɗe masa tire haka ba.

Yau da safe na iske ta tana shanya sabuwar bagaruwa a tsakar gida. Hutu zai ƙare, za ta koma aji, ta ce za ta riƙa zuwa cibiyar ranakun Asabar ko da shekara nawa za ta ɗauka. Na ba ta shawara irin tamu ta masana: wannan karon kada ta kuskura ta ce gishiri, ta rubuta "amana" ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar, kowa ya gani ya ja baya.

Ta ɗago kai ta dube ni. "Haba Baban Jamilatu! So kake su haɗiye har da kwalbar?"