Rasuwar Bajon Tagulla na Manjo Pyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu ma da ya fi baƙin ciki ɗaci, Manjo Pyo Dok-su mai ritaya, na birnin Cheongju, yake sanar da 'yan'uwa da tsofaffin abokan aiki rasuwar bajonsa na matuƙin jirgin yaƙi, wato fuka-fukin tagullar nan da suka zauna a ƙirjinsa tun yana saurayi.

Marigayin ɗan zamanin da ne, lokacin da bajo ke da nauyi a hannu. Kullum da safe sai an goge shi da tsumma har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Bai cika surutu ba. Iyakarsa "ƙyas" idan allurarsa ta shiga mazauninta, sai "ƙwal" idan an ajiye shi a kan tebur. Ya ga zuwan bajon zare da ake ɗinkewa a jikin riga, ya yi haƙuri. Ya ga zuwan na yanzu, ɗan ƙyalle mai launi da ake mannawa a ɓamɓare yana "ƙyarrr" kamar ana yaga buhu, nan ma ya haɗiye. Burinsa ɗaya ne, ya samu magaji a gidan. Ɗan Manjo ma'aikacin banki ne, ko tsani ya hau sai jiri ya ɗebe shi, don haka duk fata ya koma kan jika.

Ciwon ajali ya kama shi ne ranar bikin cikar jikan, Tae-o, shekara ɗaya. Kamar yadda aka saba, an jera kaya a gaban yaro don a ga wanda zai ɗauka, a san abin da zai zama. Ga zare, ga alƙalami, ga kwanon shinkafa. Manjo da hannunsa ya ajiye marigayin a tsakiya, yana ta sheƙi. Sai surukarsa, uwar yaron, ta ce, "Baba, wannan allurar fa? Kada ta soke shi." Ta tura bajon can bayan farantin waina. Ƙaninta kuma, Kyaftin Nam, shi ma matuƙin jirgin yaƙi, yaron da ko gashin baki bai gama tarawa ba, ya ɓamɓare nasa bajon daga riga ya jefa a gaba, wai don tebur ya cika.

Yaro ko kallon tagulla bai yi ba. Ya miƙa hannu ya damƙe ƙyallen ya cusa a baki. Ɗaki ya ɗauki tafi, baƙi suka yi layi suna taya Manjo murna, wai jika zai gaji kakansa. Manjo kuwa ya san wanda aka gada. Ko matarsa ba ta rufa masa asiri ba, cewa ta yi, "Haba tsoho, saki fuska mana. Jirgi dai ai jirgi ne." Wanda ya fi ci masa rai shi ne Kyaftin, da ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai naka na gidan tarihi ne, bai kamata yaro ya taɓa ba." Manjo ya mayar da marigayin ƙirjinsa da ƙarfin da ya wuce kima, allurar ta karye. Nan take bajon ya cika.

Ya rasu ya bar tsumma ɗaya, da gwangwanin man gogewa, da huda a jikin tsohuwar riga, da kuma maigidansa, wanda ba ya musun cewa kishi ne ke cinsa. Hoton nan na yaro da ƙyalle a baki da aka rataye a falo ba ya cikin dangin mamaci.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a aljihun teburin gado, kusa da safa. Za a naɗe shi a farin hankici. Masu ta'aziyya za su samu miya da giyar shinkafa, amma duk mai bajon da ake ɓamɓarewa ya bar shi a bakin ƙofa tare da takalmansa. Ba za a kulle makwancin ba tukuna. An ce surukar tana da juna biyu, kuma Manjo ya fara tuntuɓar tsofaffin abokansa, ko akwai wani tsibiri mai nisa da zai buƙaci kyaftin nan da shekara biyu, kafin a jera kaya a gaban jika na biyu.