Ranar da Ngozi Ta Leƙa Idona

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Sabon Garin Zariya ba, ko da na so. Lokacin ina karatun aikin jinya, ina haya ni kaɗai a Samaru, ba ƙawa, ba abokiyar hira. Shi ya sa da Mama Laraba, shugabar zumuntar mata a cocinmu, ta ce in zo in yi wa 'yan mata bayani kan ƙarancin jini, na yi murna kamar an gayyace ni biki. A raina na ce in na burge su, na samu wurin zuwa duk mako.

Na sa farar rigata ta asibiti (ba wanda ya ce in sa), na zuba musu bayani: al'ada tana rage jini, a ci zogale, wake da hanta, a daina bin abinci da shayi. Sai na ce kowacce ta ja fatar idon ƙawarta ƙasa. In ciki ja ne, madalla. In ya yi fari, a je asibiti.

Kowa ta kama tata. Aka bar wata Ngozi ba abokiya, ni kuma dama ba ni da ita. Na duba nata, jawur. Na sunkuya ta duba nawa.

"Anti, naki fa fari ne fat!" ta faɗa da murya irin ta mai kiran fasinja a tasha.

Na ce hasken taga ne. Ina! Suka yi layi suna leƙawa. Mama Laraba ta gyara tabarau, ta duba, ta ce, "'Yata, me kika ci jiya?"

Shayi da burodi. Shekaranjiya ma haka. Ba rashi ba ne. Ɗora tukunya don mutum ɗaya ne ke kashe min jiki, ina ci ina kallon bango. Jirin da nake ji kuwa na ɗora wa karatu.

Gwajin asibiti ya gaskata Ngozi. An ci gaba da kirana duk Asabar, amma ba don koyarwa ba, don in cinye kwanon faten wake Mama tana tsaye a kaina.

Yanzu kafin in ja idon wani, nakan fara da madubi. Kunyar ta wuce. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk zamana a Zariya, sai da na shirya darasi guda kafin wani ya kalli cikin idona.