Sharar Bana a Gidan Baffa Jalo

"Jam dai, jam, baiwata. Kin tashi lafiya ko turare ya hana ki barci?"

"Wushe, bawana. Ɗaga murya, kakanka yana tari, ba na jin ka."

Kakan da Ya Aisa take nufi shi ne tsohon janareton Baffa Jalo, wanda ke ɓararraka a tsakar gidansu a Rumde. Ita Babarbariya ce, ta zo Jimeta daga Bama da 'yarta Zulaiha shekarar da gari ya watse. Shi Bafulatani ne mai sayar da kindirmo, shi ya buɗe musu ɗakunan baya ya ce su zauna. Tun ranar ba su gaisa ba tare da zagi ba.

Da turaren wuta Ya Aisa take ci da kanta. A safiyar nan ta sauke na wata amarya, dole ta baza shi a tabarma ya sha iska kafin dangin ango su zo ɗauka da la'asar. Na wancan karon an dawo mata da shi, an ce warin fetur yake. In aka sake, ta rasa masu saye. Ga shi kuma watan Cika-ciki ne, lokacin da abokan wasa ke bin juna shara.

"Na zo karɓar sharata," in ji Baffa, yana dogara sanda.

"Kashe wancan abin tukuna."

"In kashe? Madarar da ta taso tun daga Girei ta lalace a zafin Yola? Ke kin san darajar nono kuwa? Ku da kuka fara ganin saniya a jikin gwangwani!"

"Mu da muka saye ku da saniyar gaba ɗaya, aka ba mu kai gyara! Baffa, hayaƙinka ya shiga turarena. Amaryar unguwar Alkalawa ta turara ɗaki, ango ya shigo ya ce a zuba masa lita biyu."

"Ai gata kika yi mata. Yau wa ya fi mai warin fetur daraja a ƙasar nan?"

"To ga rana can Allah ya ba ka kyauta. Zulaiha ta kafa farantin sola a kan rufin nan da hannunta. Gidaje nawa ta haɗa wa a Shagari Lokos? Har masu asibiti suna kiranta. Kai kaɗai ka ƙi."

"Yarinyar kirki ce, wannan ban musa ba. Ranar da na gan ta a kan tsani da igiyar waya a kafaɗa, na ce lallai nonon gidana ya yi aiki, ya wanke mata Barbarcin. Amma sola ta fitila ce da cajin waya. Firij namiji ne, sai an yi masa tsawa yake aiki."

"Kamar mai shi."

"In hadari ya rufe fa?"

"Akwai batir."

"In rana ta yi fushi?"

"A Yola? Ranar da take gasa ka har ka zama kilishi? Dube ka, iska in ta taso sai an ɗaure ka da turke."

Baffa ya shiga shagonsa ya fito da kwano, gefensa na raɓa. Ya miƙa mata.

"Taɓa ki ji. Taɓa mana! Har haƙori yake kamawa. Tun Juma'a firij ɗin nan yake sanyi kamar ba shi ba. Ko da dare da na kashe inji, sanyin da ya tara yana kaiwa safe. Aikin kakan nawa ke nan da kike zagi."

Ya Aisa ta kurɓa, ta lumshe ido.

"Tun Juma'a, ka ce?"

"Tun Juma'a."

"To kashe shi, mu ji firij ɗin ya yi shiru. In ya yi shiru, ni zan ba ka shara, in ƙara da cewa Fulani ne iyayen gidana, a gaban kowa."

"Adda! Fito ki yi shaida!"

Adda, matar Baffa, ta leƙo daga madafa tana danne dariya da bakin mayafi. Baffa ya taka da ƙarfinsa ya murɗe makunni. Janareto ya yi tari biyu ya mutu. Gidan ya yi tsit, har ana jin kurciya a kan darbejiya. Daga cikin shago kuma wani siririn sauti yana fitowa, firij yana ta aikinsa.

Baffa ya leƙa. Ya fito. Ya sake leƙawa.

"Wannan kuma wane sihirin Barebari ne?"

"Kana masallaci ranar Juma'a Zulaiha ta ja waya ta mayar da shi kan sola," in ji Adda. "Ta ce ba za ta iya kallon Baffanta yana shaƙar hayaƙi yana tari ba."

"To injin da nake ta ɗura wa mai, me yake kunnawa?"

"Ƙwan fitilar bayan gida," in ji Ya Aisa. "Da rana tsaka. Ƙadangaru sun gode."

Baffa ya zauna a kan turmi, ya cire hula, ya daɗe yana kallon rufin.

"Yarinyar da ta shigo gidan nan da takalmi ƙafa ɗaya," ya ce a hankali. "Yau ita ta kamo mini rana."

Ya Aisa ta shimfiɗa tabarma, ta juye turaren, ta baza shi da tafin hannu. Ƙamshin turaren hawi ya cika tsakar gida, ba abin da ya gauraya da shi.

"To, sharata fa?" in ji Baffa. "Ko an ci ni, al'ada tana nan."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo doguwar gora da tsumma ɗaure a kanta.

"Ga shara. Tattabarunka sun ɓata farantin. Duk safiya, kafin ka karya."

Baffa ya karɓi gorar, ya auna ta da sandarsa, dariya ta ƙwace masa har hula ta faɗi daga gwiwarsa.

"Adda, cika wa uwar gidana babbar ƙwarya. Ta bana dai ta ci. Amma ki gaya wa Zulaiha ta riƙe mini tsanin, Babarbariyar nan ban yarda da ita a ƙasa ba."