Rasuwar Uwar Awo a Kan Bandar Maikuɗi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu ya ƙi wucewa, shagon ɗinkin Malama Yasira da ke bayan kasuwar Yelwa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman matan da atamfofinsu ke jibge a shagon, rasuwar tabilet ɗinta, babbar wayar nan mai faɗin faranti wadda aka fi sani da Uwar Awo. Ta rasu ranar Litinin bayan la'asar, a kan bandar kifin mijin Yasira, wato Maikuɗi. Yasira ba ta saba kama sunan mijinta ba, amma ta ce yau a rubuta shi baro-baro kowa ya karanta.

Marigayiyar ta zo shagon ne a kwance, an riga an ɗan more ta a Kontagora, amma ba ta taɓa nuna halin tsufa ba. Mai haƙuri ce da rashin wuta. Mai juriya ce da zafin Yauri, wanda ke sa sauran wayoyi suma tun kafin azahar. Idan saƙo ya shigo sai ta ce "kilin" a hankali, ba ta ɗaga wa kowa murya. Idan caji ya kusa ƙarewa ta ce "tut-tut", ta jira a gama ɗinkin da ke kan keke.

Ba ita kaɗai ta tafi ba, kuma nan ne ciwon yake. Ta rasu ɗauke da 'Yar Gora, wata 'yar manhajar rubutu da ke zaune a cikinta. 'Yar taga ce ƙarama da ke yawo a saman duk abin da aka buɗe, kamar gorar masunci a kan ruwa, shi ya sa aka ba ta sunan. Mace ta turo hoton ɗinkin da take so, Yasira ta buɗe hoton, ta ja 'Yar Gora gefe da yatsa, tef a wuya, tana awo tana rubutawa: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu. Hoton bai rufe ba, bidiyon koyon yanka bai tsaya ba, awo bai ɓace ba. Har da bayanan da tela ba ya faɗa a fili tana ajiye su: wadda ke tsuke ciki idan an zo ƙugu sai a ƙara mata, wadda ke da juna biyu ba ta sanar ba a bar mata wuri. Tun zuwan 'Yar Gora, Yasira ta daina rubuta awo a bayan kwalin zare, kuma ba a sake kawo mata riga ana kuka ba.

Wannan suna ne ya jawo mata aikin da ya fi kowane aiki girma tun da ta buɗe shago: kayan amarya Zahra'u ta Warra, da ankon dukan dangin. Uwar amarya, Hajiya Altine, da farko Kontagora ta so kai ɗinkin, don a faɗarta telolin Yelwa sai dai zanen gado. Yasira ta dafa ƙirji ta ce a ba ta. Ta shiga jirgin ruwan mijinta da Uwar Awo a jaka, suka bi bakin tafki ƙauye ƙauye, har tsibiran da sai an tattare zane kafin a taka ƙasa. Ta auna gwaggo, ta auna yaya, ta auna tsohuwar da sai da aka lallashe ta da goro kafin ta miƙe tsaye. Duk wannan awo 'Yar Gora ce ta haɗiye shi, babu kwafinsa a ko'ina.

Rashin lafiyar ta fara ne a hanyar dawowa. Wani jirgi ya zo zai wuce su, Maikuɗi ya ga abin kunya ne a wuce shi a gaban matarsa, ya murɗa inji. Igiyar ruwa ta faɗo ciki ta jiƙa jakar sharkaf. Duk da haka marigayiyar ba ta ce ga garinku ba. Da aka iso gida fuskarta na ƙyaftawa, har ta ce "kilin" da 'yar dusasshiyar murya. Yasira ta kashe ta, ta binne ta a kwanon ɗanyar shinkafa kamar yadda masu gyara ke cewa, ta tafi shago ta jiƙa atamfofi. Da an bar mara lafiya inda aka kwantar da ita, da yanzu wata sanarwar ake yi.

Sai Maikuɗi ya shigo ya ga waya a cikin abinci. Mutum ne da bai yarda akwai abin da ya fito daga ruwa wanda ya fi ƙarfin saninsa ba. Ya tono ta, ya kakkaɓe, ya zagaya da ita bayan gidansu inda bandarsa ke hayaƙi, ya jera ta a kan ragar ƙarfe tsakanin tarwaɗa da tarwaɗa, ya rufe da kwali don zafi ya ratsa. Kuma da yake ƙwararre ne, bai yi sakaci ba: da gefe ɗaya ya yi, sai ya juya ta. Maƙwabta sun shaida cewa kalmarta ta ƙarshe ita ce "fus", wadda ta fito tare da wani warin da ba na kifi ba.

Da Yasira ta dawo ta tarar da ita ta kumbura, ta yi ja, tana maiƙo, Maikuɗi bai ko sunkuyar da kai ba. Cewa ya yi: "To mi ne na laihi ga wanga? Tarwaɗa ma da ta girma cikin ruwa, banda ka busar da ita." Garin gyaran gira an rasa ido, shi kuwa yana tsaye yana jiran godiya. Abin da Yasira ta mayar masa ba a rubuta shi a sanarwar rasuwa.

An garzaya da ita wurin Joshua mai gyaran waya a bakin tasha. Ya buɗe, ya sunsuna, ya rufe, ya ce a yi haƙuri, aikin gama ya gama. Ya ce da jiƙewa ce kawai da ya tashe ta, amma shi bai koyi gyaran gasasshe ba. A nan ma Maikuɗi ya sake ba da shawara, wai Yasira ta yanka da ƙiyasi, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mutumin da ya kasa bambanta tabilet da tarwaɗa ne ke koya wa tela aikin ido. Leshin amarya kuwa sau ɗaya ake sa masa almakashi, kuma Hajiya Altine tana can Warra, maganar kai ɗinkin Kontagora na bakinta har yanzu.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba a wuya, da rigarta ta fata mai furanni wadda yanzu ba ta da mai sawa. Ta bar keken ɗinki da ya yi shiru tun Litinin. Ta bar tulin atamfa da ba a san kafaɗar wa za a yanka wa ba, da amarya mai biki a mako mai zuwa, da Yasira wadda ta kasa cin kifi. Allah ya ba su haƙurin rashi. Wanda ya yi sanadi kuma, Allah ya ƙara masa abin da ya rasa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi wanka ba, marigayiyar ta sha ruwan da ya ishe ta. Za a naɗe ta a ƙyallen atamfa a ajiye a saman durowar shago, inda kyanwa ba ta kaiwa, don tun jiya kyanwowin unguwa ke zarya.

Za a karɓi gaisuwa a shagon tun daga hantsi, ranar kasuwar Yelwa. Ba a buƙatar kunu ko goro. Duk macen da ke cikin ankon bikin Zahra'u ta zo da jikinta, za a sake awo, kuma ana roƙon masu tsuke ciki su ji tsoron Allah a wannan karon. Na tsibirai da na ƙauyukan bakin tafki kada su damu da abin hawa. Maikuɗi zai bi su ɗaya bayan ɗaya da jirginsa da mansa, ya kawo su, ya jira a ƙofar shago, ya mayar da su, har da tsohuwar nan mai son goro, kuma ba zai yi tsere da kowa ba. Ya kawo uzurin cewa ranar kasuwa ce, dillalan kifi daga nesa suna jiransa, bandarsa kuma za ta kwana ba a sayar ba.

Yasira ta ce ta sani. Shi ya sa ta zaɓi ranar.